Tsohuwar kwamfuta mai RAM gigabayit 4: me ke jawo mata nauyi, kuma ta ina za a fara gyara?

Tambayar da aka yi ita ce: mutum yana da kwamfutar cinya wadda aka ƙera wajen shekarar 2012, mai furosesa (ɓangaren da ke yin lissafi da sarrafa umarni) samfurin Intel Core i3 ta zubi na uku, da RAM gigabayit 4, da faifan ajiya mai juyawa na gigabayit 500, kuma Windows 10 ce a kanta. Tana cin mintuna kafin ta gama tashi, da zarar ya buɗe shafuka bakwai ko takwas a burauza sai ta riƙa sandarewa, fankarta kuma ba ta daina gurnani. Ya saka manhajojin da ake cewa suna share RAM, bai ga wani canji ba. Yana so ya san yadda zai rage mata cin RAM, ya ƙara mata sauri, ba tare da ya sayi sabuwa ba.

Malam mai tambaya, abin da zan fara faɗa maka shi ne kwamfutarka ba ta gama aiki ba, kuma da wuya a ce furosesarta ce ta gaza. Core i3 ta wancan zubi tana da cibiyoyin aiki biyu masu ɗaukar layukan aiki huɗu, kuma har yanzu tana iya rubutu da lissafi da kallon bidiyo da shiga intanet ba tare da wahala ba. Mutane da yawa suna ɗora wa furosesa laifi saboda ita ce aka fi sanin sunanta, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. A irin wannan kwamfuta, tafiyar hawainiyar da kake gani tana fitowa ne daga haɗuwar abu biyu: RAM ɗin da ya yi kaɗan, da faifan ajiyar da ya yi jinkiri. Idan ka fahimci yadda waɗannan biyun suke jan juna ƙasa, sauran shawarwarin duk za ka iya auna su da kanka, ka san wadda take da amfani da wadda ɓata lokaci ce.

RAM shi ne wurin da kwamfuta take shimfiɗa abin da take aiki a kansa yanzu-yanzu. Idan ya cika, Windows ba ta rufe manhajojinka, sai dai ta kwashe wani ɓangare na abin da ke cikin RAM ta sauke shi a wani ɓoyayyen fayil da ke kan faifan ajiya, mai suna pagefile.sys, sannan ta ɗauko shi idan an sake buƙatarsa. Wannan dabara ce mai kyau, domin ita ce take hana kwamfuta faɗuwa gaba ɗaya. Matsalar tana wajen bambancin sauri. RAM yana amsa kira cikin kimanin nanosakan 100, faifai mai juyawa kuwa sai allurarsa ta matsa zuwa inda bayanin yake, faifan ya juyo, wanda ke ɗaukar milisakan 10 zuwa 15. Tazarar da ke tsakani ta kai sau dubu ɗari. Kamar tela ne mai ɗan ƙaramin tebur, wanda duk lokacin da zai yanka sabon yadi sai ya naɗe na farko ya kai wani ɗaki mai nisa, ya dawo da wani. Gwanintarsa ba ta ragu ba, amma rabin yininsa a kai-komo yake tafiya. Wannan kai-komon shi ne sandarewar da kake gani lokacin da ka danna shafin da ka bari mintuna goma da suka wuce, sai ya yi fari fat na 'yan daƙiƙu kafin ya dawo.

Saboda haka kafin ka goge ko ka sayi komai, ka auna. Ka yi aikinka na yau da kullum har kwamfutar ta fara nauyi, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ka shiga ɓangaren Performance ka dubi abu uku. Idan furosesa tana tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, faifan ajiya kuma ya kafe a kashi 100, alhali abin da yake karantawa bai wuce megabayit 1 ko 2 a daƙiƙa ba, to ka kama mai laifin: faifan yana ta tsalle daga nan zuwa can yana tsinto ƙananan gutsattsari. Sai ka dubi ɓangaren Memory, ka lura da lambar da aka rubuta wa Available da wadda aka rubuta wa Committed. Ta farko ita ce abin da ya rage wanda manhaja za ta iya samu nan take. Ta biyu ita ce jimillar abin da Windows ta yi wa manhajoji alkawari, kuma idan ta haura gigabayit 4 ɗin da kake da shi da nisa, misali ta kai 6 ko 7, to kana neman fiye da abin da RAM ɗinka zai iya riƙewa, faifai ne yake cike gurbin. Akwai lamba ta uku mai suna Cached wadda take tsorata mutane ba gaira ba dalili. Wannan ajiyar fayilolin da aka karanta kwanan nan ce, Windows tana riƙe su ne don kada ta sake komawa faifai, kuma tana sakinsu da zarar wata manhaja ta buƙaci wurin.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa manhajojin share RAM ba su yi maka komai ba. Abin da yawancinsu suke yi shi ne tilasta wa Windows ta kwashe abin da ke cikin RAM ta tura shi faifai, don lambar da ke kan allo ta nuna an samu sarari. Bayan minti ɗaya, idan ka koma kan manhajar da kake aiki da ita, dole a sake ɗauko duk abin da aka kwashe daga faifan nan mai jinkiri. Wato sun ƙara maka ainihin abin da kake gudu, ga shi su kansu suna zaune a RAM suna cin nasu rabon. Ka cire su duka, tare da masu cewa suna share rajistar Windows (kundin da take ajiye saitunanta), domin waɗannan ba sa ƙara sauri, kuma suna iya goge abin da wata manhaja take dogaro da shi. Idan akwai wata rigakafin bairos da ta zo da kwamfutar ko aka saka daga baya, musamman wadda wa'adinta ya ƙare take ta turo saƙon a biya kuɗi, ita ma ka cire ta, ka bar Microsoft Defender da ke cikin Windows. Haka kuma kada ka bi shawarar masu cewa a kashe pagefile gaba ɗaya. A kwamfuta mai gigabayit 4, kashe shi yana nufin duk lokacin da RAM ya cika manhajoji za su riƙa mutuwa a hannunka, har da rubutun da ba ka adana ba. Ka bar Windows ta riƙa daidaita girmansa da kanta.

Babban mai cin RAM a kwamfutarka shi ne burauza, kuma a nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Tun fitowar Chrome a 2008 aka tsara shi yana raba shafuka zuwa ayyuka daban-daban, don idan shafi ɗaya ya faɗi kada ya tafi da sauran. A 2018, bayan an gano raunin tsaron furosesa da ake kira Spectre, Google ya ƙara tsananta wannan rabuwa ta yadda kowane gidan yanar gizo yake samun nasa keɓaɓɓen wuri, kuma kamfanin da kansa ya ce hakan ya ƙara cin RAM da kimanin kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari. Firefox da Edge su ma a kan irin wannan tsari suke. To shafin labarai guda ɗaya a yau ba shafi ɗaya ba ne a wajen kwamfuta, domin a cikinsa akwai tallace-tallace daga kamfanoni daban-daban, da bidiyo mai kunna kansa, da manhajojin bin diddigin mai karatu, kowanne da nasa kason. Idan kana cikin Chrome ka danna Shift da Esc, zai nuna maka jerin shafuka da ƙarin manhajojin da ka liƙa masa, da adadin RAM da kowanne yake ci; a Firefox kuma ka rubuta about:processes a wurin adireshi. Sau da yawa za ka tarar shafin wasiƙu ko na sada zumunta guda ɗaya ya haɗiye megabayit ɗari uku ko fiye, kuma wani ƙarin da ka manta ka taɓa sakawa yana zaune yana cin nasa dare da rana.

Abu uku nake ba da shawara a nan. Na farko, ka cire duk ƙarin da ba ka amfani da shi a kowane mako. Na biyu, ka kunna tsarin kwantar da shafukan da ba a amfani da su, wanda Chrome ya kira Memory Saver, Edge kuma ya kira Sleeping Tabs; yana sauke shafin daga RAM har sai ka koma kansa. Na uku, kuma wanda ya fi tasiri a ganina, ka saka mai toshe talla na kirki guda ɗaya. uBlock Origin shi ne wanda na amince da shi, saboda shi kansa ba shi da nauyi, kuma abin da yake hanawa saukowa ya ninka abin da yake ci. Sai dai Chrome ya daina karɓar cikakken samfurinsa sakamakon sauya ƙa'idojin ƙari da Google ya yi, abin da ya rage a can shi ne uBlock Origin Lite, cikakken kuwa yana aiki a Firefox. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai tsohuwar kwamfuta ya gwada Firefox. Kuma duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kan burauza ɗaya, domin buɗe biyu a lokaci guda yana nufin ɗora inji biyu a RAM.

Akwai wani abu game da bidiyo da mutane ƙalilan suka sani, kuma mai yiwuwa shi ne yake sa fankarka gurnani. YouTube ya fi turo bidiyo a tsarin matsewa na VP9 ko AV1. Sashen hoto na furosesarka yana da da'ira ta musamman mai warware tsarin H.264 ba tare da ta gajiyar da kowa ba, amma ba shi da ta VP9, domin Intel bai saka cikakkiyar wannan ba sai a zubi na bakwai. Don haka duk bidiyon VP9 da ka kunna, furosesar ce take warware shi da ƙarfin tsiya, ta yi zafi, hoton ya riƙa tsinkewa. Ƙaramin ƙari mai suna h264ify yana sa YouTube ya turo H.264, kuma idan ka haɗa da saukar da ingancin hoto zuwa 720p, za ka ga aikin furosesa ya faɗo ƙasa sosai. Ka kuma lura da manhajoji irin su Discord da Slack, waɗanda a zahiri kowannensu burauza ne cikakke da aka naɗe da wata riga. Idan dole ka yi amfani da su, buɗe su a matsayin shafi a cikin burauzar da ka riga ka kunna ya fi sauƙi a kan RAM.

Batun jinkirin tashi kuwa, ka koma Task Manager ka shiga ɓangaren Startup, ka kashe duk abin da ba ka buƙatar ya tashi tare da Windows, kamar manhajojin hira da na kiɗa da masu duba sabuntawar wasu manhajoji. Kashe su a nan ba ya goge su, za ka iya buɗe su duk lokacin da ka so. Rage adon tagogi da motsin hotuna yana taimakawa kaɗan, amma kada ka sa rai da yawa. Ba na ba da shawarar bin dogayen jerin ayyukan Windows da ake cewa a kashe, domin ribar ba ta taka kara ta karya ba, ɓarnar kuma tana iya fitowa bayan watanni ta hanyar firinta da ta ƙi aiki ko sabuntawa da ta ƙi shiga. Guda ɗaya da ya cancanci gwaji shi ne SysMain, wanda yake loda manhajoji a RAM tun kafin a nema. A kan faifai mai juyawa wani lokaci shi ne yake riƙe faifan a kashi 100 bayan tashi. Ka dakatar da shi na 'yan kwanaki, idan ba ka ga bambanci ba ka mayar.

Duk waɗannan gyare-gyare ne na kyauta, kuma za su rage nauyin, amma ba zan ɓoye maka ba: canjin da zai sa ka ji kamar wata kwamfuta aka ba ka shi ne sauya faifan ajiya zuwa SSD. SSD ba shi da allura ko wani abu mai juyawa, yana amsa kira cikin ƙasa da milisakan ɗaya, kuma samfurin SATA (nau'in mahaɗin da faifai ke shiga) mai inci 2.5 yana shiga daidai ramin da tsohon faifan yake. Yana karatu da saurin kimanin megabayit 500 a daƙiƙa, amma ba wannan lambar ce ta fi muhimmanci ba. Ko da mahaɗin kwamfutar tsohon SATA II ne mai iyakar megabayit 300, ribar tana nan, domin ta fito ne daga saurin tsinto ƙananan gutsattsari, wanda shi ne ainihin aikin tashin Windows da na pagefile. Da SSD, ko RAM ya cika ana kai-komo, sandarewar daƙiƙu goma takan koma ɗan tsaiko da ƙyar za ka lura da shi. Kafin nan ma, ka sauke CrystalDiskInfo ka duba lafiyar tsohon faifan. Idan ya nuna launin rawaya da gargaɗi a kan sassan da suka lalace aka sauya musu wuri, to faifan ya fara mutuwa, kuma kwafe fayilolinka zuwa wani wuri ya zama aikin yau, kafin duk wani batun sauri.

Ƙarin RAM shi ne na biyu, kuma idan lambar Committed ɗinka kullum tana wuce gigabayit 6, to kusan dole ne. Task Manager yana nuna ramukan RAM nawa kake da su da nawa aka cike. Kwamfutocin cinya na wancan lokaci galibi suna da biyu, a ƙarƙashin wani ɗan murfi da ke bayan kwamfutar. Nau'in da kake buƙata shi ne DDR3 ƙarami na kwamfutar cinya, mai haƙora 204. DDR4 ba zai shiga ba. Ka karanta takardar da ke liƙe a jikin wanda ke ciki: idan an rubuta PC3, na bolt 1.5 ne, idan PC3L ne, na bolt 1.35 ne, kuma mafi kwanciyar hankali shi ne ka sayi irinsa sak. Wajen sakawa, ka kashe kwamfutar, ka zare caja da batir, ka taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin jikinka, ka riƙe sandar RAM ɗin ta gefe-gefe, ka daidaita tsagar da ke tsakanin haƙoranta da ɗan tudun da ke cikin ramin, ka tura ta a karkace har haƙoran zinariyar su ɓace, sannan ka danna ta ƙasa har maƙallan ƙarfe biyu na gefe su yi ƙas. Idan kwamfutar ta kunnu allo ya zauna baƙi, yawanci sandar ce ba ta shige sosai ba. Sanduna biyu na gigabayit 4 sun fi sanda ɗaya ta 8, saboda suna aiki ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma sashen hoto na Intel, wanda daga RAM yake aron wurinsa, yana amfana da hakan. Amma ka fara tabbatar da cewa Windows ɗinka mai bit 64 ce, domin mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da gigabayit 3 da 'yan kai, ko nawa ka saka.

Zafi ma yana da nasa rabon. Furosesa idan ta kusanci digiri 100 a ma'aunin Salsiyas takan rage saurinta da kanta don kada ta ƙone. A kwamfutar da ta haura shekara goma, idan aka buɗe aka ɗaga fankar, akan tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga tsakanin fankar da siraran faranta na ƙarfe da iska take bi ta fita, ta toshe hanyar gaba ɗaya, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya kuma ya bushe ya zama gari. Cire ƙurar da goge tsohon man da saka sabo gwargwadon ƙwayar wake yana iya sauke zafin sosai. Manhajar Core Temp za ta nuna maka zafin kafin aikin da bayansa. Idan buɗe taka yana buƙatar cire kibod da allon ciki, gara ka kai wa mai gyara, domin igiyoyin ciki sirara ne, suna yagewa da sauƙi.

Saura batun babbar manhajar kanta, wanda ba zan iya tsallakewa ba. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai wani shirin ƙarin sabuntawar tsaro na shekara guda da ya buɗe wa masu amfani na gida. Windows 11 kuwa tana neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, don haka taka ba ta cikin waɗanda aka amince musu. Komawa Windows 7 saboda sauƙinta kuskure ne babba, domin tallafinta ya ƙare tun Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya mata a samfuri na 109. Haka nan nake gargaɗi da kakkausar murya game da kwafin Windows da wasu mutane suka rage wa nauyi suke rarrabawa a intanet: ba ka san abin da aka cire ba, ba ka san abin da aka cusa ba, kuma a kan wannan kwamfutar za ka rubuta kalmomin sirrinka.

Hanyar da nake ganin ta fi dacewa da kwamfuta irin taka nan gaba ita ce Linux, babbar manhajar da ke maye gurbin Windows, musamman nau'inta mai sauƙin nauyi, kamar Linux Mint samfurin Xfce ko Lubuntu. Bayan tashi, waɗannan galibi ba sa cin gigabayit 1, alhali Windows 10 takan riƙe kusan rabin gigabayit 4 ɗinka kafin ka buɗe komai. Kada dai ka ɗauka Linux za ta rage wa shafukan intanet nauyi. Shafin da ya ci megabayit ɗari uku a Windows haka zai ci a can, abin da ka samu shi ne ƙarin sarari da za a zuba su. Akwai kuma dabarar zram, wadda take ware wani yanki na RAM ta riƙa matse abin da ya kamata a tura faifai tana ajiye shi a nan, sau da yawa zuwa rabin girmansa ko ƙasa da haka, kuma Fedora, wani nau'in Linux, ta mayar da ita tsarinta na asali tun 2020. Windows 10 ma tana da irin wannan matsewa a kunne, amma a Linux kai ne kake yanke girman yankin, kuma a Mint ko Lubuntu saka ƙaramar manhajar zram-tools ya wadatar.

Kafin ka sauya, ka lissafa manhajojin da ba za ka iya rabuwa da su ba. Microsoft Office da Photoshop ba su da samfurin Linux. LibreOffice yana buɗe fayilolin Word da Excel, amma takarda mai tsari mai sarƙaƙiya takan ɗan jirkice. Idan wannan bai hana ka ba, ka ɗora Linux ɗin a filasha mai gigabayit 8, ka tayar da kwamfutar daga kanta ba tare da ka taɓa faifanka ba, ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da firinta, musamman Wi-Fi, domin wasu katunan Wi-Fi na kamfanin Broadcom na wancan zamani suna buƙatar a saka musu direba daban, wato manhajar da ke sa su aiki, ta hanyar haɗa kwamfutar da intanet ta igiya. Kada ka yanke hukunci a kan sauri daga wannan gwaji, saboda filasha ta fi faifai jinkiri. Idan komai ya yi aiki, ka saka Linux a kan sabon SSD, ka ajiye tsohon faifan da Windows ɗinsa a cikin ƙaramin akwatin USB, ta yadda fayilolinka suna nan a hannu, kuma idan wani aiki ya tilasta maka komawa, mayar da faifan ramin da ya fito aikin 'yan mintuna ne da sukundireba.